Ranar da Na Tsallake Bulama a Gaisuwa

Shekarun baya, tun ina sabon malami a wata lakwal, wato makarantar boko, a Gure, ina da wani aiki na biyu wanda ba wanda ya ɗauke ni, ni na ɗauki kaina. Aikin shi ne bitar zama. Duk inda na shiga cikin mutane, suna ne, gaisuwar rasuwa ce, ko 'yar tsayuwa a bakin shago, in na fito sai in kwaso zaman gaba ɗaya in taho da shi gida, in shimfiɗa shi in yi ta dubawa. Me na ce? Da wace irin murya na faɗa? Dariyar da wane ya yi, tare da ni ya yi ta ko ni ya yi wa? Mahaifiyata tana kiran abin tuƙa. In na je gida ta ga na yi shiru ina kallon bango, sai ta ce da matan gidan, "To, akuyarmu ta fara."

A aji kuwa ba ni da wata matsala. Yara in sun cika ɗaki har bakin ƙofa, ni ne mai gari. Manya ne ke kashe mini jiki. Dattijo ɗaya ya ɗago kai ya dube ni, sai in ji harshena ya yi nauyi, tafin hannuna ya jiƙe.

Kada ku ɗauka ina ganin wannan bitar cuta ce. Wallahi alfahari nake yi da ita. Na yarda har zuciyata cewa ita ce ke tsare ni, kuma duk wanda ba ya yi, shi ne irin mutanen nan masu sakin baki a taro su tafi gida su ci tuwo hankali kwance. Yadda nake bin takardun yara da jan alƙalami, haka nake bin kaina, sai dai ni ban taɓa ba kaina maki mai kyau ba.

Ƙauyenmu yana wajen Gidigir, a bakin wani kwari mai ruwa kusa. Kwarin ba namu ba ne mu kaɗai. Muna gefe guda, ɗaya gefen kuma wani ƙauyen Mangawa ne mai nasa bulama, wato mai garinsu, kuma tun kakanni tare ake noma shi. A nan garkar mahaifiyata take. Tun rasuwar mahaifina da ita take riƙe kanta: dabino, rogo, albasa, ɗan rake a gefen rijiya. Ba ta taɓa yarda ta dawo Gure ta zauna wurina ba, wai ita ba za ta iya zaman jiran a ɗora tukunya ba. A wannan lokacin wani tudun rairayi ya taso wa kwarin daga arewa, yana matsowa a hankali. Ya riga ya binne garkar maƙwabcinta, har kan dabinonsa kawai ake hange. Tata ce ta gaba.

Sai labari ya zo cewa wani furoje, wato shirin raya karkara, zai tsayar da tuddan rairayi a wasu kwaruruka, a kitsa musu shinge a dasa itatuwa, amma ba duka za a ɗauka a shekarar ba. Za a yi taro a Gure, kowane kwari ya turo masu magana. Mutanen ƙauyenmu ba su ɓata lokaci ba. Suka ce ai suna da mushe a Gure, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wurinmu, wanda ya sha karatu, yana jin Faransanci kamar ruwa. Aka haɗa ni da baffana, ƙanin mahaifina, a matsayin wakilin mai gari. Baffa mutumin kirki ne, sai dai kunnensa ya yi nauyi, in ana magana murmushi kawai yake yi yana cewa madalla.

Ranar taron aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi ƙarƙashin rumfa, ma'aikata suna kan kujeru. Babban ma'aikacin daji, wanda furojen ke hannunsa, mutumin yammacin ƙasar ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Kun san yadda ake yi a wurinmu: kafin ka taɓa abin da ya kawo ka, sai ka bi manya da gaisuwa, kowa da matsayinsa. Na haddace wannan jerin kamar karatun allo. Da aka kira kwarinmu na miƙe, na gaida ma'aikata, na gaida wakilin sarki, na gaida limamai, na gaida masu gari ɗaya bayan ɗaya, har baffana da muka zo tare na gaida. Na shiga magana, kuma ba laifi, tana tafiya. Ina tsakiyar bayanin yadda rairayi ya ci garkar maƙwabcinmu sai idona ya faɗa kan bulaman ƙauyen da muke noma kwarin tare. Yana zaune daf da ƙafata, shi ne mafi tsufa a rumfar gaba ɗaya. Ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya mayar. A nan na gane ban gaishe shi ba.

Ban san yadda na ƙarasa ba. Na dai ji bakina yana ta aiki shi kaɗai, na rufe da 'yan kalmomin Faransanci na zauna.

Da aka tashi, babban ma'aikacin ya yafito ni gefe. Tun da ya ji na iya yarensa na aiki, sai ya saki jiki ya yi ta yi mini bayani da Faransanci, yana nuni da hannu, yana lanƙwasa yatsu. Wani tsohon soja mai jin Faransanci da ya rako bulama yana tsaye kusa da mu yana saurare. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai, "Wi mushe, wi mushe," wato e yallaɓai, amma a cikin kaina na koma farkon gaisuwa. Ina ya kamata in saka bulama? Bayan wakilin sarki ko kafin limamai? Wa da wa suka lura? Wancan tarin da wani ya yi, na mura ne ko na nuna mini ne?

A hanya baffa ya matso da kunnensa ya ce, "Ɗana, me bature ya ce?" Shi duk mai zama kan kujera bature ne.

Na ce, "Ya ce za su duba, Baffa."

Ba ƙarya na yi masa ba. Iyakar abin da ya shiga kunnena ke nan, kalmomin ƙarshe da mutumin ya faɗa yana miƙo mini hannu.

Daga nan tuƙa ta samu abinci. Makonni na yi ina gyara gaisuwar da ta riga ta wuce. Na jera ta ta wannan hanya, na sake jera ta ta waccan. Na tsara yadda zan ba bulama haƙuri, na ga tsarin bai yi ba, na rushe. Ran kasuwa na daina bi ta inda Mangawa ke ɗaure dabbobinsu, kada in yi karo da wani na ƙauyensa. Har cikin salla abin yake bina, sai in ji liman ya yi sallama ni ina rumfar taro. Kuma duk wannan ina ganin aiki nake yi, ina shirya kaina ne don kada in sake. Mahaifiyata ta aiko a tambaye ni ina aka kwana, na ce a faɗa mata ana jira. Mai kawo saƙon ya ce rairayi ya fara zuba cikin rijiyarta, kullum sai ta yashe kafin ta yi ban ruwa.

Ina da wani aboki, majo ne a likita, wato babban nas a asibiti, mutumin wajen Maradi da aiki ya kawo Gure. Bakinsa ba ya da birki, shi ya sa nake sonsa kuma nake tsoronsa. Wata rana bayan la'asar muna zaune a fadarmu, inda muke taruwa da abokai shan shayi, sauran ba su iso ba tukuna, yana dafa shayi, sai ya ce, "Mushe, kofin ga ya huce a hannunka. Kana ina?"

Na gaya masa duka. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce dattijon da ke bakin ƙafarka shi ka tsallake, ka gaida baffanka da kuka kwana ɗaki guda. Da ya gama cin mutuncina sai ya gyara zama. Ya ce kwanan baya an tura su wani horo a Damagaram kan cututtukan damuwa, kuma masu irin halina suna da yawa, masu tsoron idon mutane, masu komawa su yi ta tonon zaman da ya wuce.

Ya ce, "Abin da anka koya muna, ba tunanin kaɗai ke riƙe mutum ba. Abin da mutum ya yarda da shi game da tunanin, shi ke ciyar da shi. Kuma ana auna wannan yardar, kamar yadda nike auna zafin jiki."

Na ce, "To sai ka sa mini ma'aunin a hammata."

Ya ce, "Akwai tambayoyi a takarda, amma kai in na ba ka takarda gyara mini Faransanci za ka tsaya yi."

Ya ɗauraye ɗan kofin gilashi ya ajiye gabana, ya miƙo mini butar shayin. Ya ce in zuba gwargwadon yadda na yarda cewa wannan bitar tana hana ni sake kuskure. In ban yarda ba sam in bar kofin haka, in na yarda sosai in cika. Na cika shi har ya tumbatsa ya ƙona mini yatsa. Ya ajiye wani, ya ce wannan kuma in zuba yadda na yarda cewa in abin ya taso mini ba ni da ikon tsayar da shi. Shi ma na cika.

Ya ce, "Ka ƙarar mini da shayi, Allah ya isa. To, faɗa mini abin da ka ce a taron."

Nan fa ya taɓo inda na fi ƙarfi. Na kawo masa jawabin tun daga bisimilla, da inda na yi tari, da inda muryata ta yi rawa, da kalmar da na maimaita. Ina yi ina jin daɗi, ina cewa a raina yau majo zai ga amfanin bita.

Ya ce, "Madalla. Sai shi mutumin ya ce mi?"

"Ya ce za su duba."

"Ba ka ce ya daɗe shina magana ba? Har da lanƙwasa yatsu?"

"Ya daɗe."

"Duk za su duba ne?"

Na laluba cikin kaina, inda na adana tarin wani da hular bulama, ban sami ko jimla ɗaya ta mutumin ba. Yatsun da ya lanƙwasa ina ganinsu sarai, abin da yake ƙirgawa da su ne ban sani ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba tsoron idon kowa ba ne. Garkar mahaifiyata na gani, da ita tsugune tana kwashe rairayi daga rijiya tana jiran amsar da aka riga aka ba ni.

Majo bai tausaya mini ba. Ya ce, "A aji fa, kana wannan tuƙar?"

Na ce ina, yara ba sa barin mutum ya yi numfashi ma.

Ya ce, "Ashe tana tsayawa." Ya tura mini kofunan biyu, ya ce in sake aunawa. Na biyun na mayar da rabinsa cikin buta. Na farkon na daɗe ina kallonsa, sannan na kurɓi kaɗan na ajiye.

"Kurɓi guda kawai?"

Na ce, "Majo, tun ina yaro nake tara shi. Ba a yammaci ɗaya zan zubar ba."

Washegari da sassafe na je biron ma'aikatan daji, wato ofishinsu. Babban ya tafi rangadi, ba a san ranar dawowarsa ba, wanda na tarar kuma sabon zuwa ne, bai san komai game da kwarinmu ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ji abin da aka faɗa mini, tsohon sojan nan. Shi kuwa yana ƙauyen bulama, kuma ba a shiga ƙauyen mutum a nemi wani ba tare da an durƙusa gaban mai garin ba. Na koma wurin majo ina neman ya ce akwai wata hanya. Ya ce babu.

Ya ce, "Ka tafi da kunnuwanka, ka bar bakinka ya yi abin da ya ga dama. In ka dawo abin da ya ce zan tambaye ka. Naka ba na so."

Ran Asabar na ari moto, wato babur, na kama hanya. Wanda ya san rairayin wajen nan ya san rabin tafiyar turi ce. Na tarar da bulama ƙarƙashin wata itaciya a ƙofar gidansa yana tufka igiyar kaba, wasu dattawa na gefensa. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa. Na ce wushe, ya ce wushe wushe, aka yi ta jan gaisuwa irin tasu, gida, iyali, gajiya, dabbobi, sanyi, bai ko ɗago ba. Na fara jin sanyi a raina, ina cewa ƙila bai gane ni ba.

Sai ya ajiye igiyar ya ce da dattawan, "Kun gane shi? Mushen da ya tsallake ni ne."

Ku yarda da ni, a cikin wannan kunyar sai da wani ɓangare na zuciyata ya yi tsalle. Ga shi nan! Ashe bai manta ba! Na so a ce majo yana wurin ya ji da kunnensa. Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, Baba Bulama, kuskure ne, a gafarce ni." Duk tsararren jawabin ban haƙurin da na yi makonni ina ginawa, wannan kaɗai ya fito.

Ya ce, "Yaro, ba zan ɓoye maka ba, na ji haushi. Na girmi uban kowa a rumfar nan. Na riƙe abin a raina har muka iso gida. Da magariba aka kawo tuwo, na ga miyar da nake so ce, sai na yafe maka." Dattawan suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Wannan ya wuce tuntuni. Shirunku ne bai wuce ba."

Na ɗago kai. Kuma a karon farko a rayuwata, dattijo yana magana a gabana ni kuma ina wurin da yake.

Ya sa aka kira tsohon sojan, suka warware mini abin da yatsun nan suke ƙirgawa. Kwarin da ƙauyuka biyu ke nomawa, sai ƙauyukan sun haɗa kai. Kowanne ya sari kalimbo, ciyawar nan mai tsayi marar ganye da ake kitsa shingen da ita, ya tara a gindin tudun. Kuma su yi alkawarin hana dabbobi hawa wurin. Mota za ta zo ta zagaya. Inda ta ga tari ta tsaya, inda ba ta gani ba ta wuce, sai wata shekara in ana raye. Mutanen bulama sun sari nasu tuni. Namu gefen ko tsinke babu.

Na ce, "Baba, me ya sa ba a aiko mana ba?"

Ya ce, "A aika wa wa? Kai aka faɗa wa, kana cewa wi, wi. Na ga an tsallake ni a gaisuwa, na jira, ba wanda ya zo. Na ce to, an tsallake ni a aiki ma, ƙila mutanenku ba sa son haɗa hannu da mu. Ni kuma ban saba kai kaina inda ba a kira ni ba."

Na tambayi yaushe motar za ta zo. Tsohon sojan ya ce bayan kasuwar Gidigir mai zuwa. Kwanakin da suka rage ba su cika hannu ba.

Na bar moton a nan, na ratsa kwarin da ƙafa zuwa ƙauyenmu. Na tara mai gari da baffa da duk wanda ke kusa na faɗi komai, ban tsaya zaɓen kalmomi ba. Baffa ya kama kunnensa ya ce, "Ba ka ce za su duba ba?" Na ce, "Za su duba, Baffa, tarin kalimbo za su duba." Mahaifiyata tana bayan zana tana ji. Ta shiga ɗaki ta fito da adda, ta ɗaura zane, ta yi wa maƙwabta sallama, sai ga mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Na roƙi daraktan lakwal ɗinmu ya riƙe mini aji, na zauna a ƙauye. Kalimbon kusa duk an riga an sare shi, sai mun yi nisa. Hannun da bai san komai ba sai alli ya yi kanta ya fashe, matasa suna ta yi mini tsiya wai mushe yana sara kamar mai neman gafarar ciyawar. A rana ta biyu muka hango amalanken shanu suna tahowa daga ɗaya gefen kwarin. Bulama ne ya turo mutanensa su kwashe mana. Tuƙa ta zo mini a kwanakin nan, ba zan ce ba ta zo ba. In na ɗaga adda sai in ji ta tana cewa, ka ga yadda dattawan nan suka yi dariya? Sai in ce mata ki jira, ina da aiki. Abin mamaki, tana jira.

Ranar da motar ta zo, tarinmu bai kai nasu ba, amma tari ne. Aka sake cewa in yi magana. Wannan karon bulama na fara gaisarwa, tun kafin ma'aikata da wakilin sarki, wanda shi ma wani karya tsari ne. Faransancina kuma ya harɗe a tsakiya, na kira babban ma'aikacin da muƙamin da ba nasa ba, wani a bayana ya yi dariya. Na ji dariyar sarai. Na bar ta a inda take, na zuba wa mutumin ido. Ya faɗi tazarar da za a bari tsakanin layukan shinge, da wanda zai yi gadi, da lokacin da za a kawo 'ya'yan itatuwa. Duk abin da ya faɗa na juya shi da Hausa da ƙarfi yadda baffa zai ji, tsohon sojan yana mayar wa mutanensu da Barbarci. Aka ɗauki kwarinmu.

Rijiyar mahaifiyata ba ta tsira ba. Kafin shingen ya kama, rairayi ya cike ta, sai wata aka haƙa mata can ƙasa. Sauran garkar ta tsaya.

Da na koma Gure majo ya cika alkawarinsa, abin da bulama ya ce kawai ya tambaye ni, na kuwa zayyana masa har da miyar. Na ƙara masa da cewa tsohon bai manta ba, don ya san ba a komai ya ci ni ba. Ya ce shi bai taɓa cewa mutane ba sa lura ba, tambayarsa ita ce ko bitar ta gyara wani abu. Bayan wata da watanni yakan turo mini kofi ya ce mushe, auna. Yana ta sauka. Bai taɓa komawa fanko ba, har yau akwai ɗan saura a gindi, kuma na daina jin kunyar hakan.

Yanzu in na tuna wannan lokacin, ba tsallake bulama ke ba ni mamaki ba, kowa yana iya yi. Yadda na amince da bitar nan ne ke ba ni mamaki, shekara da shekaru, ban taɓa tambayarta me ta tsinana mini ba. Na ɗauke ta mai gadi, ina ciyar da ita da lokacina da sallata, ashe ranar da aka fi bukatar kunnena ita ce ta toshe shi. Ku masu karatu da kuke rubuto mini kuna cewa kun yi magana a taro kun kasa samun sukuni, ba zan ce muku ba wanda ya lura ba, domin nawa ya lura, har ya sanar da jama'a. Abin da zan ce shi ne ku tambayi kanku me sauran mutanen wurin suka faɗa. In kun iya kawo naku kalma bayan kalma amma nasu ya ɓace muku, to ku san wannan bitar ba tsare ku take yi ba. Yau ina tsayawa gaban kowane irin taro in yi magana, tafin hannuna yana jiƙewa kamar dā, ina yin kuskure, in dawo gida in ci tuwona.

Tudun nan yana nan inda aka tsayar da shi, ciyawa da itatuwa sun rufe shi, wanda bai sani ba ba zai ce ya taɓa tafiya ba. Mahaifiyata ta tsufa, ba ta iya ban ruwa, amma lokacin cirar albasa sai an ɗora ta a amalanke an kai ta ta zauna ta yi ta ba da umarni. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa yaba mini a gaban idona ba. Bara na je na same ta a garkar tare da wata baƙuwa, ba su ga zuwana ba. Baƙuwar tana tambayarta yadda aka yi wannan kwarin ya tsira alhali na kusa da su ya tafi. Na ji ta ce, "Wancan yaron ne ya je Gure ya yi magana."

Na koma da baya a hankali don kada ta ji kunya. Wannan maganar na taho da ita gida, kuma ina maimaita ta duk lokacin da na ga dama.